Daga lissafin adashi zuwa kai loma baki: jagorar bibiyar tsohon da ciwon mantuwa ya kama

Gwaggona ta shekara fiye da talatin tana riƙe adashin matan layinmu, ba ta taɓa rubuta ko sisi a takarda ba. Wa ta zuba, wa ta kwasa, wa ake bi zubi biyu, duk a ka yake. Ranar da ta ba mace ɗaya kwasa sau biyu a wata guda, sai da manya suka shiga tsakani. Babu wanda ya kawo ciwo a ransa, domin a lokacin tana wanka da kanta, tana zuwa biki da suna, tana gane kowa har jikokin maƙwabta. Sai bayan shekara biyu, da ta zuba wa miyar kuka gishiri sau uku a zama ɗaya, sannan muka ce gigin tsufa ne. Da mun san abin da muka sani daga baya, da tun ranar rigimar adashin muka nufi asibiti.

Abin da muke kira gigin tsufa ko ruɗewa, likitoci kuma suke kira ciwon mantuwa, cututtuka ne daban-daban da aka tara a ƙarƙashin suna ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 57 ne ke fama da shi a 2021, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma duk shekara ana samun sababbi kusan miliyan 10. Kowane iri da ƙofar da yake shigowa ta ita. Wani kuɗi yake fara ci, wani ƙafa, wani kunya. In kun gane wane aiki hannun tsohonku ya fara saki, da yadda ya sake shi, za ku san abin da ke tafe, ku kuma san inda za ku sa masa hannu da inda za ku ƙyale shi ya yi abinsa.

Mataki na 1: Ku raba ayyukansa gida biyu

A 1963 wani likita a Amurka, Sidney Katz, ya jera ayyuka shida da mutum ke yi wa jikinsa: wanka, sa tufafi, zuwa makewayi, tashi daga shimfiɗa zuwa kujera, riƙe fitsari da bayan gida, da cin abinci. Bayan shekara shida, a 1969, Powell Lawton da Elaine Brody suka kawo jerin ayyuka takwas na tafiyar da rayuwa: amfani da waya, cefane, girki, gyaran gida, wanki, shiga mota zuwa wani wuri, shan magani a kan ƙa'ida, da riƙon kuɗi. Har yau asibitoci da waɗannan ma'aunai biyu suke aiki. A mafi yawan masu ciwon mantuwa gida na biyu ne ke fara rushewa, wani lokaci da shekaru, kafin na farko ya motsa. Dalili kuwa, ayyukan tafiyar da rayuwa suna buƙatar tsari, da tuna abin da aka yi ɗazu, da yanke shawara. Na jiki kuwa tun ƙuruciya suka zauna, hannu na yin su ko da kai bai bi ba.

Sai dai jerin Lawton ba don Malam mai shekara 78 da bai taɓa ɗora tukunya ba aka yi shi. Su kansu masu ma'aunin a kan abu biyar kawai suke auna maza a da, sun cire girki da wanki da gyaran gida. Don haka ku zauna ku rubuta naku jerin, na abin da shi wannan tsohon ya saba yi da hannunsa shekara biyar da suka wuce. In manomi ne, sanin lokacin shuka da rabon taki da lissafin 'yan ƙwadago. In ɗan kasuwa ne, ba da canji da tuna masu bashi. In uwar gida ce, awon tsaba, haɗa miya, rabon abinci ga yara ba a tsallake kowa ba. Ku sa alwala da salla, da kama tashar rediyon da ya saba ji, da hanyar masallaci ko coci.

Wannan jerin na da muhimmanci a gidajenmu fiye da yadda ake zato. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da birnin Indiyanafolis na Amurka ya sami ciwon mantuwa a jikin kashi 2.29 cikin 100 na 'yan shekara 65 zuwa sama a Ibadan, da kashi 8.24 a cikin baƙaƙen fatar Indiyanafolis. Ya fi ƙaranci a nan, amma yana nan. A ganina kuma babban gida na ɓoye shi: surukai sun karɓe girki, 'ya'ya sun karɓe cefane, jika ne ke danna waya. Tsoho na zaune a zaure ana gaishe shi yana amsawa, ba wani aiki da zai tona abin da ke faruwa a kansa sai abu ya yi nisa.

Mataki na 2: Ku buɗe littafi, ku duba da ido

Littafin makaranta mai warka arba'in ya isa. A gaban kowane aiki ku sa ɗaya daga huɗu: yana yi shi kaɗai, yana yi in an tuna masa, yana yi in an sa masa hannu, sai an yi masa. Ku sa kwanan wata, ku sake cikawa duk wata.

Kada ku dogara da tambayarsa. Mai wannan ciwo sau da yawa bai san ya daina iyawa ba, ba ƙarya yake yi ba in ya ce ya sha magani. Ku tsaya a gefe ku ga aikin daga farko zuwa ƙarshe, ku lura da daidai inda ya tsaya. Haɗa shayi kaɗai ya isa gwaji. Shin ya manta ya sa suga ne ya ƙara? Ko ya tsaya da cokali a hannu bai san me ke biye ba? Ko ya zuba ruwan a gefen kofi? Ko ya iya sarai amma ba zai tashi ya yi ba sai an tura shi? Amsoshin nan huɗu, kamar yadda za ku gani a gaba, kusan cututtuka huɗu suke nunawa. Ku rubuta har da lokacin, safe ko yamma, da ko ya yi barci a daren.

Mataki na 3: Ku fara kore abin da ke warkewa

Ciwon mantuwa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Tsohon da jiya yake lafiya yau ya wayi gari bai san inda yake ba, wannan rikicewar gaggawa ce, kuma asibiti take so a ranar. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon sanyin mafitsara, namoniya, faɗuwar suga, ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafi, ko wani sabon magani, duk suna kawo ta. Haka ma wanda an riga an san yana da ciwon mantuwa: in ya faɗi warwas cikin kwana biyu, ku nemi wani ciwo a ƙarƙashi kafin ku ce jikin ne ya ƙara tsanani.

Akwai kuma masu kama da shi da ke tafiya a hankali amma suna da magani: raunin ƙwayar maƙogwaro da ake kira tayirod, ƙarancin bitamin B12, ciwon damuwa, ƙanjamau, tunjere da ya daɗe, jinin da ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai bayan faɗuwar da kowa ya manta da ita, da taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa wadda alamunta uku ne, tafiya kamar an manne ƙafa a ƙasa, sakin fitsari, da mantuwa. Ku sa a duba kunne da ido ma. Tsohon da ba ya ji sosai kamar ruɗaɗɗe yake. Asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano, da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna, Kware da Maiduguri, suna da likitocin da ke duba wannan. Ku tafi da littafin, da duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har na gargajiya.

Mataki na 4: Ku gane salon faɗuwar

Alzaima

Ita ce mafi yawa, kashi 60 zuwa 70 cikin 100. Sunan wani likitan Jamus ta ci, Alois Alzheimer, wanda ya bayyana ta a 1906 bayan ya bibiyi wata mata da aka kawo masa asibitin Farankfot tana da shekara 51. Ɓarnar tana farawa ne a sashen ƙwaƙwalwa da ke ajiye sabon abu, shi ya sa tsohuwa za ta ba ku labarin ranar aurenta tiryan-tiryan amma ta tambaye ku sau biyar ko yara sun dawo daga makaranta.

Faɗuwarta kamar gangaren tudu take, a hankali, ba tsalle, kuma tana da jeri. Barry Reisberg na Jami'ar New York ya tsara jerin a shekarun 1980, ya kuma lura cewa kishiyar yadda yaro ke koyo ne: abin da yaro ya koya a ƙarshe shi tsoho ke fara rasawa. Da farko lissafin kuɗi da shirya abu mai matakai da yawa, irin girkin baƙi. Sai zaɓen tufafin da suka dace, ka ga rigar sanyi a watan Afrilu, ko riga ɗaya mako guda. Sai sa tufafin kansa, wando a kan wando. Sai wanka. Sai sanin abin da ake yi a makewayi, tsarki da zuba ruwa. Sannan fitsari ya kuɓuce, bayansa bayan gida. A ƙarshe magana ta ragu zuwa kalmomi biyar ko shida, zuwa ɗaya, sannan tafiya, zama, murmushi, da riƙe kai.

Amfanin sanin jerin nan biyu ne. Na ɗaya, za ku shirya wa mataki na gaba tun bai zo ba. Na biyu, in aka tsallake layi, to akwai magana. Wanda har yanzu yake ba da canji daidai amma fitsari na kuɓuce masa, ko dai ba Alzaima ba ce, ko akwai wani ciwon daban, kamar kumburin ƙwayar mafitsara ta maza. Ku kuma lura ƙafa ce kusan ƙarshen tafiya. Shekaru za su wuce mutum na da ƙarfin tafiya kilomita biyar alhali bai san hanyar komawa gida ba, kuma yawancin sanarwar cigiyar tsofaffi da kuke ji daga nan take fitowa. Bayan an gano ciwon, yawanci ana yin shekara 4 zuwa 8, wasu har 20.

Mantuwar jijiyoyin jini

Ita ce ta biyu a yawa, kuma ita ce ta fi kusa da mu, don hawan jini da ciwon suga ne iyayenta. Wata bayan shanyewar ɓarin jiki take zuwa, wata kuma daga ƙananan toshewa da ba wanda ya lura da su. Salonta irin saukowa daga bene ne: ya tsaya a matakala ɗaya wata shida ko shekara, sannan dare ɗaya ya faɗo ta ƙasa, ya sake tsayawa. Ɓarnar ba ta bin jeri, ta danganta da inda jini ya yanke. Za ku ga mutum yana tuna komai amma ba ya iya shirya tafiyar kasuwa, ko yana lissafi daidai amma hannun dama ba ya sa maɓalli. In ƙananan jijiyoyi ne na can ciki, benen ba ya fitowa sosai. Sai dai jinkiri a tunani, gajerun taku, fitsari mai matsowa ba shiri, mutuwar zuciya, da kuka ko dariya ba dalili.

Nan ne kawai kuke da abin riƙewa sosai, don kowace sabuwar toshewa da aka hana matakala ce da ba a sauka ba. Maganin hawan jini ba a daina shi don an ji sauƙi, wannan ɗabi'ar ta cinye mana tsofaffi da yawa. Bayan shanyewa kuma wani abin na dawowa a watannin farko in an dage da zuwa sashen gashi. In kun yi masa tambaya, ku ba shi lokaci. Sau da yawa amsar na nan tafe, ku ne kuka yi gaggawar amsa masa.

Mantuwa mai ƙwayoyin Lewi

Friedrich Lewy ya ga ƙwayoyin, wasu ƙananan dunƙule da ke taruwa a cikin ƙwaƙwalwa, a 1912, likitan Japan Kenji Kosaka ya danganta su da ciwon mantuwa a 1976. Wannan ita ce ke haɗa 'yan gida faɗa. Da safe Baba ya yi alwala, ya sa riga, ya yi hira da baƙo har da barkwanci. Bayan azahar ya zauna ya ƙura wa bango ido, ba ya iya kai kofi baki. Ɗan da ya zo da safe ya ce lafiyarsa lau, mai jinya ce ke ƙara gishiri. Mai jinya ta ce da gangan yake yi mata. Duk ba haka ba ne, hawa da saukar nan su ne ciwon.

Tunawa ba ta lalacewa da wuri kamar ta Alzaima. Abin da ke fara tafiya shi ne hankalta da fahimtar abin da ido ya gani. Ya miƙa hannu ya kuskure buta, zanen darduma ya zame masa rami, babbar rigar da aka rataye a ƙusa ta zama mutum a tsaye. Yana ganin yara ko dabbobi a ɗaki ƙarara, ya kwatanta har kalar rigarsu. Jiki na sandarewa kamar na mai cutar karkarwa da ake kira Fakinsin, yana faɗuwa, jiri na ɗibarsa in ya miƙe saboda jini na sauka. Da yawa tun shekaru kafin haka suna naushi da ihu cikin mafarki. Ku tambayi matarsa. Saboda ƙafa da ido sun shiga da wuri, wanka da sa tufafi da zuwa makewayi kan gagare shi tun kansa bai kai lalacewar na mai Alzaima ba. In karkarwa da sandarewa suka riga ruɗewa da fiye da shekara guda, likitoci kan kira shi mantuwar Fakinsin, amma kulawar kusan ɗaya ce.

Gane-ganen nan ne ke sa a ce iska ce, ko a garzaya kemis a sayo maganin kwantar da masu taɓin hankali. Kul. Magunguna irin haloperidol da Largactil na iya sandarar da mai wannan ciwo, su jefa shi cikin suma, har su yi ajalinsa. Ku rubuta wannan a bangon littafin, ku nuna wa duk ma'aikacin lafiyar da zai taɓa shi. Magungunan donepezil da rivastigmine kuwa, in likita ya rubuta, sukan taimaka wa irinsu sosai.

Mantuwar goshi da gefen kai

Arnold Pick ya fara bayyana ta a 1892. Ba ta jira tsufa, yawanci tsakanin shekara 45 da 65 take kamawa, lokacin da mutum ke ɗauke da gida. Ta kuma fi sauran bin dangi.

Akwai wani tela da na sani, mutum mai kamun kai, shekarunsa ba su kai 55 ba. Ya fara yanka shaddar mutane ba awo, ya ɗauki yadin wannan ya ba wancan kyauta. A wurin walima ya sa hannu a kwanon wani malami ya ɗebi nama. Ya daina wanka. Ranar da aka gaya masa rasuwar ƙanwarsa, cewa ya yi a kawo masa lemo. Amma ya san ranar mako, ya san kuɗin zare, yana hawa babur ya je Kantin Kwari ya dawo bai ɓata ba. An ce asiri, an ce shaye-shaye, har aure ya kusa mutuwa kafin a ga likita.

A wannan iri iyawa na nan, abin da ya tafi shi ne niyya, da kunya, da tausayi, da birkin da ke hana mutum yin abin da ya zo masa a rai. Zai iya cin gwajin tunawa a asibiti ya dawo gida ya kasa tafiyar da yini ɗaya. Kuɗi da sana'a su ke fara shiga haɗari, tsafta na zubewa da wuri, ga kwaɗayin zaƙi da cusa abinci a baki ba tsayawa. Wa'azi da faɗa ba sa tasiri, don sashen da zai ji wa'azin shi ne ya lalace. Magungunan Alzaima ma ba sa yi masa aiki, wani lokaci ƙara hargitsa shi suke yi. Akwai reshenta da ke cin harshe: ko kalma ta gagara fita, ko ma'anarta ta ɓace, ka ce masa miƙo ludayi ya ce mene ne ludayi. Waɗannan sukan daɗe suna yi wa kansu komai.

Ku sani kuma, a cikin waɗanda suka manyanta sosai, iri biyu kan haɗu a kai ɗaya, musamman Alzaima da ta jijiyoyin jini. Littafinku ba don ku sa wa ciwon suna ba ne, don likita ya ga salon ne.

Mataki na 5: Ku karɓe abu huɗu da wuri, sauran ku bar masa

Kuɗi, wuta, magani, da tuƙi: waɗannan kuskure ɗaya a cikinsu ya isa. Katin banki da lambar sirri su koma hannun amintacce da sanin sauran 'ya'ya, a riƙa rubuta abin da aka cire, don zargi ya fi shi ciwon saurin raba zumunci. A bar masa 'yan canji a aljihu na goro da sadaka, mutuncinsa ne. Maganar gona, gida da wasiyya a yi ta tun yana gane abin da ake faɗa, a gaban shaidu. Tukunyar gas a kashe ta daga kai, ashana da kalanzir da fiya-fiya su bar idonsa. Magani mutum ɗaya ya riƙa bayarwa, ya tsaya har a haɗiye. Makullin mota ko babur kuwa ba a jiran hatsari; mai gane-gane da mai ciwon goshi su ne na farkon ajiyewa.

Sauran ayyuka, kuskuren da muka fi yi tausayi ne ke jawo shi. Da mun ga Gwaggo ta ɗaura zani a karkace sai muka koma shirya ta gaba ɗaya, cikin wata biyu ta daina ko miƙa hannu. Abin da hannu ya daina yi a wannan ciwo da wuya ya dawo. Taimako hawa-hawa ne. A fara da gyara wuri: a ajiye abin da ake buƙata kawai, a jere. In bai isa ba, a faɗa da baki, umarni ɗaya a lokaci ɗaya: "Baba, ga hannun riga." In bai isa ba, a yi a gabansa ya kwaikwaya. Sannan a ɗora hannu a kan nasa a fara masa motsin, sau da yawa da an fara sai jiki ya ƙarasa. Yi masa ɗungurungum shi ne na ƙarshe, kuma a matakin da ya karye kaɗai.

Tufafi: a ba shi zaɓi tsakanin biyu, a miƙa ɗaya bayan ɗaya. Wando mai roba ya fi mai tazuge, riga mai faɗin wuya ta fi mai maɓalli. Mai shanyewar ɓari a fara sa hannun da ba shi da ƙarfi, a cire shi a ƙarshe.

Wanka shi ne fagen daga a yawancin gidaje. Dattijon da bai taɓa tuɓewa a gaban kowa ba, ga wanda bai gane ba yana cire masa riga, dole ya yi kokawa. Namiji ya yi wa namiji, mace ta yi wa mace in da hali. A zaunar da shi a kujera, ruwa da ɗumi, a bar zani a jiki a wanke sashe-sashe, a fara daga ƙafa, kai a ƙarshe. A ba shi soson ya riƙe. "Inna, mu yi wanka, yau Juma'a" ta fi "kin yi wari" aiki nesa ba kusa ba. In ya ƙi, a bari zuwa anjima. Mai Lewi a nemi sa'ar da kansa ke washewa, a bar shi ya ɗan zauna a bakin gado kafin ya miƙe.

Makewayi: kada a jira ya nema, a kai shi duk bayan awa biyu zuwa uku, da bayan cin abinci, da kafin barci. Tsuguno na gagarar tsofaffin gwiwoyi, kujera mai huda a tsakiya da kafinta zai yi ta wadatar. A bar fitila a hanya da dare, fo a kusa da gado. Kada a rage masa ruwan sha da rana don gudun fitsari, ruɗewa zai ƙara.

Alwala da salla sukan daɗe, amma lissafin raka'a na rikicewa da wuri. A tsaya a gefensa ya bi. In ya yi azahar sau uku, ba abin gyara da tsawa ba ne. Hadisi ya ambaci wanda hankalinsa ya gushe cikin mutum uku da aka ɗauke wa alƙalami. Batun azumi a haɗa malami da likita. Da yawa kuma sukan hargitse dab da magariba, su ce za su tafi gida alhali suna gida. Sanannen abu ne a ciwon, ba shafar iska ba ce, ba kuma maitar da ake laƙaba wa tsofaffin mata a wasu wurare ba. A kunna fitila tun duhu bai shigo ba, a rage hayaniya, a ba hannunsa abin yi. A ɗinka sunansa da lambar wayar ɗa a cikin aljihun rigunansa, a kuma gaya wa mai shago da mai shayin bakin layi.

Mataki na 6: In aka kai ga kwanciya

Cin abinci ne ke saura a ƙarshe. Da cokali ya gagara, a koma abin da ake ɗauka da hannu, ƙosai, dankali, ayaba, lomar tuwo da aka riga aka gutsura. Kwano ɗaya a gabansa, mara zane. Mai ciwon goshi a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a ɗauke saura.

Alamar haɗiya ta fara lalacewa ita ce tari ko ƙwarewa lokacin ci, murya mai gurgurar ruwa, da abinci da ke kwana a kumatu. Daga nan namoniya ke shigowa, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke ɗaukar masu wannan ciwo. A zaunar da shi tsaye sosai, ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye, ya ci gaba da zama rabin awa bayan an gama. Kunu mai kauri da fate sukan fi ruwa tsinkakke sauƙin wucewa. Kada a ɗura wa wanda ke kwance ko mai gyangyaɗi komai. A goge baki safe da dare ko babu haƙori. Game da robar abinci ta hanci ko ta ciki, bincike bai nuna tana tsawaita rai ga wanda ciwon ya kai ƙarshe ba, shi ya sa ƙungiyar likitocin tsofaffi ta Amurka ta fifita ciyarwa da hannu a natse.

Wanda ba ya juyawa da kansa a juya shi duk awa biyu, a duba ƙugu, duwawu da dunduniya. Jan da bai gushe ba in an danna, farkon gyambon kwanciya ne. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. A yi rabon kwana a rubuce a shafin ƙarshe na littafin, waɗanda ke nesa su ɗauki kuɗin magani da famfas. In an bar wa suruka ɗaya ko 'yar da aurenta ya mutu, majinyata biyu za a samu.

A littafin Gwaggo layuka sun yi ta komawa "sai an yi mata" ɗaya bayan ɗaya cikin shekara bakwai. Layin da ya fi daɗewa bai motsa ba shi ne ɓarar gyaɗa. Ta daina kiran sunan kowa, ta daina sanin ɗakinta, amma in an ajiye mata faifai a cinya sai yatsu su kama aiki, ƙwaya a dama, ɓawo a hagu. Muna sayen tiya guda duk mako saboda ita, in ta ƙare kafin ranar kasuwa mu aro a maƙwabta.